Ya haddace izu biyar amma ya kasa karanta “gida”: a fitar da shi daga aji?

“Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce a wata firamare ta gwamnati, ina riƙe da aji huɗu, yara 83. Akwai wani yaro ɗan shekara 10 da ya tsaya mini a rai. In tambaya ce ta baki ya fi kowa ɗaga hannu, a Islamiyya ma an ce ya haddace izu biyar, amma in na ba shi littafi ko kalma mai gaɓa biyu ba ya iya haɗawa. Abin da ya koya yau, gobe babu shi. Yana rubuta b a wurin d. Yara sun laƙaba masa Daƙiƙi, har ya fara gudun makaranta. Hedimasta ya ce a kira mahaifinsa a ba shi shawara ya kai shi makarantar masu buƙata ta musamman, wai aji irin namu ba wurinsa ba ne. Ni kuma hankalina bai kwanta ba. Wanne ya fi masa, a bar shi cikin yara ko a kai shi can? In an bar shi, me zan iya yi masa ni kaɗai a cikin wannan taro?”

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri da kika lura da shi, don a cikin yara 83 abu ne mai sauƙi yaro ya ɓace a bencin baya har ya gama aji shida ba wanda ya san halin da yake ciki. Tambayarki biyu ce: ina ne wurin zamansa, kuma me za a yi masa a wurin. Ta farko amsarta gajeriya ce a wurina, ki bar shi a ajinki. Ta biyun ce mai aiki, domin in aka bar shi kawai ba tare da an canza komai ba, ɗumama benci zai yi ta yi, yana shan dariya, har ranar da zai daina zuwa gaba ɗaya. Na shekara da shekaru ina aiki da irin waɗannan yara da kuma horar da malamansu, kuma mafi yawan waɗanda na ga sun bar makaranta ba korarsu aka yi ba, kunya ce ta kore su.

Abin da bayaninki ya yi kama da shi

A bakin mutane duk yaron da “kansa ba ya ja” abu ɗaya ne, amma a wurin aiki muna raba su. Akwai mai raunin fahimta gaba ɗaya: ya yi jinkirin magana, aike ma sai an yi ta maimaita masa, lissafin canji da wasan sa'anninsa duk suna ba shi wuya. Akwai kuma wanda hankalinsa lafiya lau, wani lokaci ma ya fi na sa'anninsa kaifi, sai dai ƙofa ɗaya ce ta ƙi buɗuwa, ko ta karatu, ko ta rubutu, ko ta lissafi. In ta karatu ce ana kiranta disleksiya, in ta lissafi ce diskalkuliya. Yaronki, bisa abin da kika faɗa, ya fi kama da mai disleksiya.

Ba sabon abu ba ne. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta labarin wani yaro ɗan shekara 14 wanda malaminsa ya ce da a ce da baki ake koyar da komai, da shi ne zai zo na ɗaya a makarantar, amma ko sunansa ba ya iya rubutawa daidai. Kin ga kamar yaronki ake faɗa. Littafin da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013 ya ƙiyasta cewa yara 5 zuwa 15 cikin 100 na 'yan makaranta suna da irin wannan matsala ta koyo. In aka auna ajinki da wannan ƙiyasi, tsakanin yara 4 ne zuwa 12. Wato da wuya a ce shi kaɗai ne. Shi ne dai wanda bakinsa ya tona shi, saboda tazarar da ke tsakanin maganarsa da karatunsa ta yi yawa.

Mutane da yawa suna ɗauka matsalar a ido take, wai yaro yana ganin haruffa a juye. Galibi ba can take ba, a sauti take. Don ki karanta “gida” sai ƙwaƙwalwarki ta san cewa kalmar nan da kike furtawa a numfashi ɗaya gutsattsari huɗu ce, g da i da d da a, kuma kowane gutsure yana da alamarsa a takarda. Yawancin yara suna gano wannan da ɗan taimako kaɗan. Mai disleksiya kuwa kalmar a dunƙule take zuwar masa, rarraba ta da sake ɗinke ta shi ne wahalar. Shi ya sa haddar izu biyar ba ta ba ni mamaki ba: hadda ta kunne da maimaici take shiga, ba ta bi ta ƙofar da ta toshe ba. Ki roƙi malaminsa na Islamiyya ya buɗe masa shafin da bai haddace ba ya ce ya karanta. Sau da yawa a nan ake gane cewa tilawa yake yi da ka, yatsa ne kawai ke bin layi. Musanya b da d kuwa, shi kaɗai ba hujja ba ne, yara da yawa suna yi har wajen shekara 7. Ɗorewarsa zuwa shekara 10 tare da sauran alamomin ne ya sa na ɗauke shi da muhimmanci. Abin kuma yana bin jini, in kika bincika kina iya jin cewa akwai kawu ko baffa da boko ya gagare shi alhali a kasuwa ba a iya masa.

Kafin a ɗora masa suna

Ba na sa wa yaro suna daga wasiƙa, ke ma kada ki sa masa tukuna. Akwai abubuwan da sai an kawar da su. A duba idonsa da kunnensa, ko a babban asibitin da ke kusa da ku. Yaron da ya taɓa yin sanƙarau ko kunnensa ya daɗe yana ruwa yana iya rasa wani ɓangare na ji ba tare da an lura ba, a gida a ce taurin kai ne. A tambayi mahaifiyarsa ko ya taɓa zazzaɓin da ya kai shi ga suma ko jijjiga, ko yana da sikila, ko yakan yi shiru ya ƙura ido na 'yan daƙiƙoƙi ana kiransa bai ji ba, don akwai nau'in farfaɗiya da haka kawai take zuwa. In garinku ana haƙar zinariya, ki tuna abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010. Waɗanda suka rayu da yawansu ta taɓa musu koyo. Ki duba rajista kuma: kwana nawa ya zo a aji ɗaya da aji biyu? Yaron da damina ke ɗauke shi zuwa gona ko talla ke cinye masa safiya, giɓi ne da shi, ba lalura ba.

Sai babban dalilin da ba mu cika son faɗa ba, mu malamai. Yara da yawa ba su iya karatu ba ne saboda ba a taɓa koya musu ba. An dai rera musu haruffan Turanci kamar waƙa, malami ya faɗa su amsa, ya cika allo su kwafa. Saboda haka kafin ki ce yaron nan daban yake, ki auna ajin duka. Ki sami kwali ɗaya ki rubuta haruffa goma, gaɓoɓi goma, kalmomi goma, da ɗan gajeren labari na layi huɗu, duk da Hausa. Ki riƙa kiran su ɗaya bayan ɗaya, minti biyu kowanne, ki rubuta inda kowa ya tsaya. Cikin mako ɗaya kin gama. Wannan ita ce dabarar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yaɗa, ta koyar da yaro daga inda ya tsaya maimakon daga inda manhaja ta ce ya kai, kuma an gwada ta a Borno da Kano. Na taɓa sa wata malama ta yi wannan awo saboda yaro ɗaya da ya dame ta, ta dawo mini jiki a sanyaye, don ta tarar kusan rabin ajin a matakin haruffa suke, sun dai fi shi iya ɓoyewa ne.

Makarantar musamman, da abin da doka ta ce

Kada ki ɗauki hedimasta a matsayin mugu. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, ke kina da 83, yana ganin nauyin ya yi miki yawa ne. Inda ya kuskure shi ne zaton akwai wani wuri da aka tanada don irin wannan yaro. Makarantunmu na musamman, tun daga ta makafi da aka buɗe a Gindiri a 1953 har zuwa irin ta Tudun Maliki a Kano, ƙarfinsu a kan makafi ne da kurame da masu raunin fahimta: rubutun makafi, maganar hannu, koyon kula da kai. Aiki ne mai daraja, amma ba ko ɗaya a ciki da yaronki yake buƙata. In aka kai shi can an raba shi da abokansa da manhajar da zai rubuta jarrabawa a kanta, an kuma tabbatar masa da sunan da yara suka sa masa. Mafi yawan lokaci ma ba a kai wa can ɗin. Uba ya ji an ce makaranta ta gaji da ɗansa, sai ya miƙa shi garejin kanikanci ko shago, maganar boko ta mutu.

Duniya ta daɗe da juyawa daga ware yara. Amurka ta yi doka a 1975 da ta ce a koyar da yaro mai lalura tare da sauran yara iyakar yadda zai yiwu, a kuma rubuta wa kowanne tsarin koyarwa nasa na kansa. A 1994 gwamnatoci 92 suka haɗu a Salamanka ta ƙasar Sifaniya ƙarƙashin UNESCO suka amince cewa makaranta ce za ta gyara kanta ta karɓi yaro. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa ta nanata haka a sashe na 24, Nijeriya ta tabbatar da amincewa da ita a 2010, sannan Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa wariya a Janairun 2019. Doka tana bayanki ke nan. Sai dai takarda ba ta koya wa yaro karatu, kuma ni ba na cikin masu ganin da zarar an zaunar da kowa a ɗaki ɗaya an gama. Mai disleksiya ba ya tsintar karatu don ya zauna kusa da masu iyawa. Yana buƙatar zama cikin aji don sauran darussa da abota, yana kuma buƙatar ɗan lokaci kullum a ƙaramin rukuni inda za a koya masa sauti dalla-dalla. In aka ba shi ɗaya aka hana shi ɗaya, an cuce shi.

Nakan ce wa malamai ba sai mun je Salamanka neman misali ba. Ki dubi makarantar allo. Yara hamsin a zaure ɗaya, mai babbaƙu yana gefen mai farfaru, shi kuma yana gefen wanda ya kusa sauka, kowa da allonsa, ba mai wankewa sai ya iya, manya suna biya wa ƙanana. Ba a taɓa cewa wane ya koma wata tsangaya don ya daɗe a allo ɗaya. Dorinar ce kawai ba na so mu aro.

Abin da za ki yi da hannunki

Ki fara da Hausa, ko da iyaye suna ɗokin Turanci. Rubutun Hausa kusan kowane harafi sautinsa ɗaya ne, gaɓoɓinta kuma gajeru ne, ba kamar Turanci ba inda harafi ɗaya ke sauya murya daga kalma zuwa kalma. A 2001 an buga wani bincike a mujallar Science da ya kwatanta masu disleksiya na Italiya da Faransa da Ingila. Abin da aka gani a ƙwaƙwalwarsu iri ɗaya ne, amma 'yan Italiya sun fi iya karatu, saboda rubutun harshensu yana bin furuci. Hausa a wannan fuska ta fi kusa da Italiyanci, wannan kuwa sa'a ce ga yaronki. In ya gane sirrin haɗa sauti a harshen da yake tunani da shi, zai ɗauke shi zuwa Turanci.

Daga awon da kika yi, ki ware biyar ko shida mafi rauni, har da shi, ki ba su minti 15 zuwa 20 kullum, kafin a shiga aji ko lokacin tara. Kullum ɗin ita ce magana. Minti 15 sau biyar a mako ya fi awa biyu ranar Asabar. Kwanakin farko ko alli ba sai kin taɓa ba: ku tafa gaɓoɓin sunayensu, ki tambaye su da wane sauti “masara” ta fara, me zai rage in aka cire “ta” daga “tafiya”. Sannan ki shigo da haruffa kaɗan-kaɗan, da sautinsu ba sunansu na Turanci ba. Da a, n, k, m kaɗai yaro zai karanta nama, kaka, mama, kama, har da jimla sukutum: “Kaka na nan.” Ranar da yaron da aka shekara huɗu ana kira daƙiƙi ya karanta jimla da kansa, ki kalli fuskarsa. Ki rubuta haruffa a murafun kwalba su riƙa jerawa suna sauyawa, su zana harafi a ƙasa da yatsa suna furta sautinsa. Kada ki koyar da b da d a mako ɗaya, ki bar tazara har ɗaya ya zauna. Mu kuma Hausa ta ƙara mana ɓ da ɗ, haruffa huɗu masu kama da juna ke nan, sai a bi su a hankali da kalmomi irin “da” da “ɗa”, “kafa” da “ƙafa”, ya ji da kunnensa cewa lanƙwasar nan ma'ana take canzawa. Kowane zama ki fara da bitar na jiya. Mantuwar da kike kuka da ita ba taurin kai ba ce, maimaici yake buƙata ninkin na sauran. In makarantarku ta sami littattafan Mu Karanta da aka yi amfani da su a Bauchi da Sakkwato, ko makamantansu, a kan wannan tsari aka gina su.

A cikin babban aji kuma, abu na farko shi ne sunan nan ya mutu, kuma ke ce za ki kashe shi, a fili, sau ɗaya, ba tare da kin mai da yaron abin tausayi ba. Kada ki tashe shi karatu a gaban aji ba shiri. In kina so ya karanta, ki ba shi layin tun jiya. Ki dawo da shi gaba, kusa da yaro mai haƙuri da zai riƙa karanta masa tambaya. Ki rage masa kwafar allo, don yana iya ƙare darasi duka yana zana haruffan da bai san me suke cewa ba. A darasin kimiyya ko zamantakewa ki tambaye shi da baki ki ba shi makinsa, tunda sanin ake aunawa a nan, ba rubutu ba. In kin karɓi littafinsa kada ki yi masa wanka da jan biro, ki zaɓi kuskure biyu ku gyara. Bulala kuwa a kan karatu, ban taɓa ganin ta buɗe wa ko yaro ɗaya ƙofar nan ba, na dai ga ta sa yara yin rashin lafiyar ƙarya kowace safiya. Maimaita aji ma haka, in koyarwar ba ta canza ba shekara ce kawai aka ƙara masa cikin ƙannensa.

Mahaifinsa a kira shi, amma ba don sallama ba. Ki fara da abin da yaron ya iya, ki ce ɗansa mai kaifin kai ne, hanyar da karatu ke shigarsa ce daban. Kina iya jin an ce sammu ne ko iska. Ni ba na jayayya a nan, nakan ce a ci gaba da addu'a, mu ma ga namu ƙoƙarin, kuma a daina dukansa a gida a kan sakamakon jarrabawa. In akwai yaya ko anti mai waya, ki riƙa tura musu sautin darasi ya saurara da dare.

Inda ƙoƙarinki zai tsaya

Disleksiya ba ta warkewa kamar zazzaɓi. Da koyarwa mai kyau zai iya karatu, amma mai yiwuwa ya kasance mai karatu a hankali, rubutunsa da kurakurai, har girmansa. Shekara 10 ba a makara ba, sai dai da a aji ɗaya aka kama abin da ya fi sauƙi. Ba kowane yaro ne kuma wannan tsari ke isa ba. Na taɓa dagewa a kan wata yarinya shekara guda cur, ina ganin in na ƙara ƙoƙari za ta taso, ashe raunin ji ne da ita mai tsanani. Ni na jinkirta mata abin da take buƙata saboda na ƙi yarda aji na ya gaza. Yaron da ba ya ji sosai, ko mai raunin fahimta mai zurfi, ko wanda ke cutar da kansa, yana buƙatar ƙwararru, wani lokaci har da makarantar musamman, kuma ba abin kunya ba ne a faɗi haka.

Saboda haka ki sa wa kanki wa'adi. Ki roƙi hedimasta zango ɗaya, ki buɗe wa yaran rukunin shafi a littafi, kowace Juma'a ki rubuta haruffa nawa da kalmomi nawa kowanne ya karanta cikin minti ɗaya. A ƙarshen zango za ki ga wasu sun yi tsalle sun bar rukunin, waɗannan dama koyarwa ce ba su samu ba. Waɗanda ke tafiya amma da jan ƙafa su ne masu lalurar, su za ki ci gaba da riƙewa. In kuwa yaronki bai motsa ko kaɗan ba bayan an duba ido da kunne, a nemi sashen ilimin masu buƙata ta musamman na Jami'ar Bayero ko ta Jos, ko jami'in da ke kula da wannan fanni a hukumar ilimin matakin farko ta jiharku, wato SUBEB, a duba shi da kyau. Ko can ɗin ki tafi da littafinki, domin yawancin gwaje-gwajen da ake amfani da su da Turanci aka tsara su don yaran wasu ƙasashe, kuma rubutunki na mako goma sha biyu zai gaya wa mai dubawa abin da gwajin awa ɗaya ba zai gaya masa ba. In kin gama awon ajin, ki rubuto mini yawan waɗanda suka tsaya a haruffa, sai mu ga yadda za a raba rukunan.